Ajin Tsakar Rana na Malam Tanimu

Malam Tanimu ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsugune a ƙofar gida ina goge takalmi. Hedimastanmu ne ya kira. Ko gaisawa bai tsaya mun yi ba, ya ce, "Malam Nasiru, sai haƙuri, Malam Tanimu lokaci ya yi." Na ce wane Tanimun? Sai ka ce muna da wani bayan shi. Ta cikin wayar nake jiyo kukan mata can a bayan hedimastan.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Alhamis ɗin nan muka rabu da shi a bakin kanal ɗin ban ruwa, lafiyarsa ƙalau, har yana tsokanata. Jiya Asabar jiri ya ɗebe shi a gona, aka kai shi asibiti a Kura, aka ce jininsa ne ya hau. Da asubar yau Allah Ya karɓi abinSa.

Mun kai shi makwancinsa kafin azahar. Na dawo gida na kasa cin abinci, na kasa zama wuri ɗaya, shi ne na ce bari in rubuta ko na ji sauƙi. Ku yi haƙuri da tsawonsa.

Ya tafi ya bar 'yan aji shida, jarrabawar shiga sakandare saura musu 'yan makonni. Ni kuma da nake taya shi, gobe Litinin ya kamata in fara wani aikin daban, in bar koyarwa. Takalmin da nake gogewa ma na zuwa can ne.

Da yawanku ba ku san shi ba, kuma ba abin mamaki ba ne. Ba ya soshiyal midiya. Wayarsa ma irin ƙaramar nan ce mai tocila, an ɗaure bayanta da roba don kada batir ya faɗo.

Shi ne malamin aji shida a firamaren da nake koyarwa, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, inda in ka fito daga aji duk inda ka waiwaya shinkafa ce. Ɗan garin ne, ya kusa ritaya. Ya koyar da iyayen wasu daga cikin yaran da ke gabansa yanzu, shi ya sa in yaro ya yi rashin ji sai ya ce masa, "Haka ubanka ya yi mini, a wannan lungun ma yake zama."

Ni kuwa daga Kumbotso aka turo ni, kuma ban ɓoye wa kowa cewa ba na so ba. Ranar farko na tarar da ajin da aka ba ni iska ta yaye rabin rufinsa, yara a ƙasa cunkus, na baya ko allo ba sa hangowa. Ofishin malamai kuwa gindin darbejiya ne. Na tsaya riƙe da jaka, fuska a murtuke, ina tunanin wanda zan kama wa ƙafa a canja mini wurin aiki.

Sai wani dattijo siriri ya matsa mini a kan benci, ya miƙo mini kofin kunu.

Ya ce, "Zauna, ɗan birni. Sha kunu tukuna, in ya so ka ci gaba da fushin."

Na ce masa Kumbotso ai ba birni ba ce. Ya ce duk wanda bai taɓa shiga taɓo har gwiwa ba, ɗan birni ne. Sunan nan ya bi ni har yau. Yara ma na sha jin suna faɗa a bayan idona.

Kafin albashina na farko ya fito an daɗe, har na fara zuwa makaranta ba karyawa. Ban gaya wa kowa ba. Amma kullum sai ya zo da ƙunshin ɗumame ya ce wai mai ɗakinsa ta cika masa, shi kuma cikinsa ba ya ɗaukar abu da yawa da safe. Sai daga baya na lura, tun da albashin ya fito ba ta ƙara cika masa ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki waya yau shi ne ajin tsakar rana.

Wanda bai zauna a yankin noman rani ba, da wuya ya gane. Idan shinkafar rani ta fidda kai ta fara ƙwaya, tsuntsaye ke saukowa, 'yan ƙananan nan jan baki, gungu-gungu. In suka sauka a gonar mutum aka yi sakaci, wahalar wata da watanni ta tafi a banza. Ba kowa ke da halin ɗaukar ɗan ƙwadago ya tsare masa gona tun asuba ba. Saboda haka yara ake turawa, maza da mata. Su ja igiya mai gwangwanaye, su yi ihu, su yi jifa da majajjawa. Abin haushin kuma, daidai lokacin ne 'yan aji shida ke shirin jarrabawa.

A shekarata ta farko na shigo wata safiya na ga makaranta wayam. Raina ya ɓaci. Na ce wa hedimasta a tara iyaye a gaya musu mai zafi, wannan ai zalunci ne, an fifita shinkafa a kan ilimi. Na yi ta zuba turanci. Malam Tanimu yana gefe yana fiƙe fensir da reza. Sai da na gama ya ce, "Gobe ka yi sammako, ka same ni a kan gada."

Na same shi. Muka bi gefen kanal muka shiga cikin gonaki. Rana ba ta gama fitowa ba sai ga su. Wallahi ban taɓa ganin tsuntsu da yawa haka ba, kamar hadari ya taso. Ta ko'ina ihu, ta ko'ina ƙarar gwangwani. Na hangi wata yarinya 'yar ajinsa tana gudu daga wannan ƙarshen gona zuwa wancan, ta kore su nan su sauka can.

Ya ce, "To ɗan birni, ga mahaifinta can yana ban ruwa. Je ka maimaita masa turancin jiya."

Ban je ba.

Ya ce, "Abincinsu na shekara ne a tsaye a nan. In ka ce wa mutum ya zaɓa tsakanin tuwon 'ya'yansa da karatunsu, ka san wanda zai ɗauka, kai ma shi za ka ɗauka. Amma zauna, akwai abin da nake so ka gani."

Muka zauna har hantsi ya ɗaga, rana ta fara cizo. A hankali ihun ya ragu. Tsuntsayen suka koma cikin bishiyoyi da ciyayin bakin ruwa suka lafe.

Ya ce, "Ka gani? Su ma ba sa son rana. Daga yanzu har wajen la'asar ba su da aiki, yaran ma ba su da aiki. To wannan tsakanin nawa ne."

Ashe shekara da shekaru haka yake yi. Da safe ya zo makaranta ya koyar da 'yan tsirarun da iyayensu ba su da shinkafa a gona. Rana na ɗagawa ya ɗaure allo a bayan kekensa, wani ɗan falanki ne da ya goge da baƙin tsohon batir, ya rataya jarkar ruwa, ya nufi wani gindin mangwaro a bakin kanal inda gonakin suka haɗu. Ya busa usur. Sai ka ga yara suna fitowa daga cikin shinkafa ta kowane ɓangare, ƙafafu duk taɓo, littafi a ƙunshe cikin leda.

Ban taɓa shiga aji mai shiru irin wannan ba.

Duk muryoyinsu sun dishe saboda ihu. Mu da muka saba malami ya faɗa yara su amsa da ƙarfi, a nan babu wannan. In ya yi tambaya, kowa ya rubuta amsarsa ya ɗaga. Yakan ce musu, "Ku adana muryar, ta tsuntsu ce. Ni hannu nake so."

Jarkar nan ruwan famfon burtsatse ne a ciki, daga cikin gari yake ɗauko shi. Ya hana su shan ruwan kanal, ya hana su wanka a ciki. A kan wannan kaɗai na taɓa ganin ɓacin ransa. Yaran wurin da yawa suna fama da tsargiya, yaro ya yi ta fitsarin jini, wasu a gida su ce ai girma ne ya zo masa. Malam ba ya jayayya da kowa a kan haka. Ya dai ja yaron gefe ya tambaye shi a hankali, washegari ya goya shi a keke zuwa asibitin sha-ka-tafi.

Wani lokaci ya zo da dafaffen rogo, wani lokaci gyaɗa. In mangwaron ya nuna kuwa, an huta.

Akwai ranar da wani yaro ya ɓingire da barci a tsakiyar darasi, na miƙa hannu zan tashe shi. Malam ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Bar shi. Tun kafin ka tashi daga barci yake tsaye." Ya cire hularsa ya kare masa fuska daga rana, ya ci gaba da darasi da kai a buɗe.

Ina rubuta wannan ina ganin kan nan nasa, duk furfura, gumi yana gangarowa.

Kada ku ɗauka iyayen nan haka kawai suke sakin yaran. Duk shekara, in shinkafa ta kusa fidda kai, Malam zai tsaya a ƙofar masallaci bayan an sauko daga Juma'a ya yi magana da su. Ba takarda, ba sa hannu, baki da baki. Sharaɗin guda ne: yaro ya koma gona kafin tsuntsu ya dawo.

Wanda ya fi kowa tauri a cikinsu shi ne Malam Audu, mai rabon ruwa a layin gonakin. Mutum ne mara yawan magana, kuma in ya ce a'a sauran ma a'a za su ce. 'Yarsa Sakina tana aji shida bana, ita ce ta fi kowa lissafi. Da kunnena na ji ya ce wa Malam, "Tanimu, kai muka ba yaran nan, ba makaranta ba. Makaranta ba ta san tsuntsu ba."

Shi ya sa Malam ba ya wasa da lokacin tashi. Ba agogo yake dubawa ba, inuwar mangwaron yake kallo da yadda iska ta fara motsi. Yana tsakiyar magana sai ya ajiye alli ya busa usur, yara su watse da gudu. Wata rana lissafi yana rabi a kan allo, na ce Malam a bari su ƙarasa mana, ai saura kaɗan.

Ya ce, "Alkawari na yi. Ranar da tsuntsu ya riga yaro isa gona, ajin nan ya mutu."

Kuma ba a kyauta ya yi wannan ba. An taɓa turo wani mai duba makarantu, ya zo wajen azahar ya tarar ba malamin aji shida. Hedimasta ya yi masa bayani iyakar iyawarsa. Mutumin ya ce shi dai doka ya sani, malami ba ya barin makaranta kafin a tashi. Aka ba Malam kwiri, takardar tuhuma. Ni na fi shi jin zafi, na ce mu rubuta amsa mai zafi, ni zan tsara masa turancin. Ya yi dariya ya ce, "Kai dai da turanci. Mutumin nan aikinsa ya yi, ni ma bari in je in yi nawa." Ya amsa musu a layi biyu, ya hau kekensa.

Ba duk yaran da suka zauna a gindin mangwaron nan ne suka yi nisa ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Wasu sun ci jarrabawar amma ba halin ci gaba. Wasu sun shiga sakandare suka tsaya a hanya. Amma akwai wadda yanzu take karɓar haihuwa a asibiti. Akwai wanda ke da shagon taki da maganin feshi a Kura, manoma na zuwa wurinsa ya karanta musu abin da aka rubuta a jikin kwalba kafin su fesa. Duk ranar da muka wuce ta ƙofar shagon sai ya fito da gudu ya durƙusa, Malam kuma ya ce masa, "Har yanzu kana rubuta bakwai kamar ɗaya?"

Rani biyu ke nan ina bin shi. Shi lissafi, ni turanci. Amma gaskiya ɗan rakiya ne ni. Shi ya san yaron da bai ci komai ba tun jiya, da kallo kawai. Shi ya san gidan da aka yi faɗa, da gidan da uwa ba ta da lafiya. Ni dai ina zuwa in faka babur ɗina a inuwa in yi abin da ya ce.

To sai rayuwa ta matse ni. Malamai da ke karanta wannan ba sai na yi muku dogon bayani ba. Albashi ba ya kai tsakiyar wata. Man babur daga Kumbotso kullum ya cinye rabi. Ga iyali, ga mai ɗakina da tsohon ciki. Sai wani abokina ya samo mini aiki a wani injin casar shinkafa a Kura, aikin ofis, inuwa da fanka, kuma abin da za a ba ni ya fi abin da nake samu nesa ba kusa ba. Na amsa. Aka ce in fara Litinin.

Na yi kwanaki ina juya yadda zan gaya wa Malam. Hedimasta ban ji nauyinsa ba. Shi nake jin nauyi.

Ranar Alhamis, bayan ya busa usur yara sun watse, na tsaya ina taya shi ɗaure allo a keke. Na yi ta kewaye-kewaye, na yi maganar tsadar mai, na yi maganar zafin bana. Ya ce, "Ɗan birni, faɗi abin da ke bakinka, igiyar nan ka ɗaure ta ka kwance har ta gaji."

Na gaya masa.

Na shirya wa faɗa. Na shirya wa wa'azi a kan amanar yara. Har amsoshi na tanada. Bai yi ko ɗaya ba. Ya kalli gonaki, sannan ya tambaye ni ko mutanen kirki ne, ko za su riƙa barina in yi sallah a kan lokaci. Na ce e.

Ya ce, "To je ka. Kana da iyali, kuma ba laifi ka yi ba. Ka yi mana rani biyu, Allah Ya saka maka."

Na ce, "Malam, yaran fa? Jarrabawa ta matso."

Ya ce, "Ni ina nan."

Haka ya faɗa, hankali kwance, kamar mai cewa gobe Juma'a. Ni kuma na ji sanyi a raina, nauyin da na ɗauko duk ya sauka. Ai kuwa Malam yana nan. Ina zai je?

Sai ya koma tsokana. Wai in na zama manaja kada in manta da talakawa, in ya kawo shinkafarsa shanshera casa in yi masa ragi. Ya tsinko mangwaro ɗanye ya zuba a leda ya ce in kai wa mai ɗakina, masu ciki suna son tsami-tsami. Na ce ya kawo jarkar in ɗaukar masa a babur. Ya ce a'a, ai ta zama fanko, ba nauyi.

Na tayar da babur na tafi. A madubi na hango shi yana tura keken a gefen kanal, bai hau ba, yana tafe yana leƙa gonaki yana ɗaga wa yara hannu.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Da na sani da na kashe babur ɗin na taka tare da shi har gari. Ba wata magana nake da ita ba. Kawai in ƙara jin muryarsa.

Yau da na isa ƙofar gidansa na tarar an gama shirya shi tun da wuri, amma ba a fito da shi ba. Na tambaya ko wani ake jira daga nesa. Ƙaninsa ya ce a'a, liman ne ya ce a dakata sai rana ta ɗaga, saboda yaran suna gona, ba za su iya barinta yanzu ba.

Aka jira tsuntsaye suka lafa.

Sai ga yaran suna shigowa gari a guje, ƙafafu duk taɓo. Mazan suka shiga sahu a baya. Matan suka tsaya a jikin katangar gidan. Kuka suke yi amma ba ka jin komai, muryar ba ta fita, sai baki a buɗe da hawaye. Na daure tun safe, amma a nan na kasa.

Mutane sun taru ƙwarai. Manoma, 'yan adaidaita, masu injin casa, tsofaffin ɗalibansa da ban taɓa gani ba. Kowa ka ji yana cewa ya koyar da ni, ko ya koyar da ɗana. Mutumin da duk abin da ya mallaka bai wuce gidan ƙasa da keke da 'yar gona ba.

Bayan mun dawo daga maƙabarta muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida, sai Malam Audu ya zo ya zauna kusa da ni. Bai taɓa yi mini magana ba in ban da gaisuwa.

Ya ce, "Malam Nasiru, ya haƙuri?"

Na ce, "Da godiya. Ya namu gaba ɗaya?"

Ya ce, "Na ji an ce za ka koma inji."

Na ce haka ne.

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Sakina ce ta tare ni a ƙofa. Wai gobe su je gindin mangwaro ko kada su je. Na ce mata ban sani ba, mai wurin ya tafi."



Ya ce, "Ni da Tanimu na yi magana, ba da makaranta ba. Amma na sha hango ka a bayansa. Ka san lokacin tashi?"

Na ce na sani.

"Ba ƙari, ko da ana tsakiyar karatu?"

Na ce ba ƙari.

Ya ce, "To me zan ce mata?"

Duk lokacin da wani uba ya yi mini tambaya mai nauyi, Malam nake juyawa in kalla, shi ya amsa. Wallahi yau ma sai da na juya. Ba kowa a gefena sai takalman mutane a bakin tabarma.

Na ce, "Ka ce musu su zo."

Bai yi godiya ba. Ya gyaɗa kai, ya tashi ya je ya yi magana da wasu dattawa biyu a can gefe, na ga su ma sun waiwayo sun kalle ni.

A hanyar dawowa na tsaya na kira mai injin. Na roƙe shi ya ɗaga mini ƙafa zuwa bayan jarrabawa. Ya yi mini ta'aziyya, mutumin kirki ne, amma ya ce kakar shinkafa ta matso, ba zai bar kujera ba kowa ba, in ya samu wani shi ke nan. Ban ga laifinsa ba. Na gaya wa mai ɗakina. Ta yi shiru, sannan ta ce Allah Ya sa haka ya fi alheri. Na san irin shirun nan, kuma tana da gaskiyarta.

Don Allah kada wani ya shigo kwament yana yabona. Ban ce na fasa barin koyarwa ba, ban kuma zama Malam Tanimu ba. Har yanzu albashin nan bai isa ba, har yanzu rufin ajina a yaye yake, kuma ina jin tsoron abin da na jawo wa gidana. Kawai dai an tambaye ni a ƙofar gidansa, ƙasar kabarinsa ba ta bushe a hannuna ba, bakina ya kasa cewa a'a.

Abin da ke cina shi ne kewa. Ina so in ba shi labarin nan. Ina so in gaya masa Malam Audu da kansa ya zo ya zauna kusa da ni, in ji abin da zai ce, don na san sai ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ɗazu har na lalubo lambarsa a waya kafin na tuna.

Akwai abubuwa da yawa da ban tambaye shi ba, saboda na ɗauka akwai lokaci. Ban san yadda yake koya musu raba lamba har su gane ba. Ban san wanne daga cikinsu ne ya kamata a ƙara kaiwa asibiti ba. Ya taɓa ce mini akwai yarinyar da ba ta gani sosai, shi ya sa yake zaunar da ita a gaba, na ce to, ban riƙe sunanta ba. Gobe sai na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

Allah Ya jiƙan Malam Tanimu. Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sanyaya masa shi fiye da yadda ya nema wa 'ya'yan mutane inuwa. Duk harafin da wani yaro ya karanta ta dalilinsa, Allah Ya sa a mizaninsa. Allah Ya ba mai ɗakinsa da 'ya'yansa haƙuri, Ya tsaya musu. In tamu ta zo Allah Ya sa mu cika da imani.

Kai da ka karanta har nan, ba layik nake nema ba. Ka ɗan tsaya ka yi masa addu'a da sunansa, ko ba ka san shi ba. Ka sa yaran nan a ciki, Allah Ya ba su sa'ar jarrabawa, Ya tsare wa iyayensu shinkafarsu.

In da saura, ku sa ni. Gobe ne karo na farko da zan zauna a wurin nan ba shi, yara za su zuba mini ido, kuma har yanzu ban san da wace kalma zan fara ba.